Ƙirgen ɗan shekara huɗu da jarrabawar da ke jiransa a ƙofar makaranta

Wata rana da yamma na ziyarci ƙanwata, na tarar ana shirya 'yarta mai shekara uku da 'yan watanni domin gwajin shiga wata makarantar kuɗi da za a yi musu a ƙarshen mako. Uwar ta kira ta ta ce ta yi wa kawunta ƙirge, yarinyar kuwa ta tsaya ƙyam, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta zubo lambobin Turanci tun daga ɗaya har talatin ba tare da tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Muka yaba mata, domin abin a yaba ne. Can an jima aka kawo dabino a faranti, sai na ce mata, "Mamana, miƙo mini dabino huɗu." Ta dubi farantin, ta dube ni, ta cika hannunta ta kawo mini guda bakwai. Na baje su a kan tabarma na ce ta ƙirga, bakinta yana gaba yatsanta yana baya, wani ta taɓa shi sau biyu, wani ta tsallake shi, har ta tsaya a kan tara. Da na tambaye ta, "To, guda nawa ke nan?" sai ta sake farawa daga ɗaya.

Babu abin da ke damun wannan yarinya, kuma babu laifin uwarta, wadda ta yi iyakar abin da aka nuna mata cewa shi makaranta ke nema. Abin da na gani a kan tabarmar nan shi ne tazarar da ke tsakanin biya sunayen lambobi da sanin adadi, tazarar da kowane yaro a duniya sai ya ratsa ta, kuma wadda yawancin shirin jarrabawar da ake yi wa ƙananan yara yake rufe ta da mayafi maimakon ya cike ta. Wanda duk yake son ya fahimci dalilin da ya sa gwada ɗan shekara huɗu domin ba shi gurbi ko hana shi yake da matsala, sai ya fara fahimtar yadda adadi yake shiga kan yaro tun farko.

Jariri ba ya zuwa duniya da kai fayau game da yawa da ƙaranci. A shekarar 1992 wata masaniyar halayyar yara mai suna Karen Wynn, tana Jami'ar Arizona ta Amurka a lokacin, ta wallafa gwajin da ta yi wa jarirai 'yan wata biyar. Takan ajiye 'yar tsana ɗaya a gaban jariri, ta kare ta da labule, ta sa ta biyu a bayan labulen yana kallo, sannan ta janye labulen. Idan ya ga biyu, yakan duba ya kau da kai, amma idan an yi dabara an ɗauke ɗaya ya ga guda ɗaya kacal, sai ya daɗe yana kallo, alamar abin ya saɓa wa tsammaninsa. Masana sun yi ta jayayya kan fassarar wannan sakamako, amma an yarda cewa yaro yana iya bin sawun abubuwa biyu ko uku da ido, yana kuma iya bambanta tuli babba da ƙarami, tun kafin ya iya magana. Aiki mai wuya shi ne ɗaure wannan ganewa ta ido da kalmomin ƙirge, kuma a nan ne shekaru ke tafiya.

Tun a 1978 wasu masana biyu, Rochel Gelman da Randy Gallistel, suka fayyace abubuwan da ƙirge na gaskiya ya ƙunsa. Dole kowane abu ya sami kalma ɗaya, ba a maimaita ba a tsallake, kuma dole kalmomin su zo a jere guda kullum. Ana iya ƙirga kowane irin abu, awaki ne ko tafi ko kwanaki, kuma ko daga dama aka faro ko daga hagu adadin ba ya canzawa. Mafi nauyi a cikinsu ita ce ƙa'idar da 'yar ƙanwata ba ta kai gare ta ba tukuna, wato kalmar ƙarshe da aka furta ita ce yawan abin gaba ɗaya. Babba yana ganin wannan a fili yake kamar rana, amma ga yaro "huɗu" sunan dabino na huɗu ne da yatsansa ya taɓa, kamar yadda Ladi sunan yarinya guda ce a cikin jerin 'yan'uwa, kuma kafin ya gane cewa kalmar ta tattaro duk waɗanda suka gabata, sai an yi tafiya.

Ita dai Wynn ta nuna tsawon wannan tafiya da wani gwaji mai sauƙi wanda kowace uwa za ta iya yi a tsakar gida. Ana ajiye tarin abubuwa a ce wa yaro ya ba da ɗaya, ya ba da biyu, ya ba da uku, a ci gaba. Da farko yaro yana sanin "ɗaya" kaɗai, duk abin da ya wuce nan sai ya damƙo ya kawo. Bayan watanni sai ya san "biyu", bayan wasu watannin ya san "uku", wani har "huɗu", sannan wata rana abin ya buɗe masa, ya gane cewa ƙirgen da yake rerawa shi ne mabuɗin kowane adadi. Daga sanin ɗaya zuwa wannan buɗi yakan ɗauki shekara guda ko fiye, kuma a cikin yaran da aka fi yin binciken a kansu abin yakan faru ne wajen shekara uku da rabi zuwa huɗu, wasu kuma su wuce haka. A duk tsawon wannan lokaci yaron yana iya biya lambobi har goma ko ashirin. Saboda haka yara biyu masu lafiya da basira ɗaya, waɗanda aka haifa a shekara guda, ɗaya a Janairu ɗaya a Disamba, za su iya kasancewa a matakai biyu mabambanta ƙwarai a ranar da aka zaunar da su gaban mai gwaji.

Akwai kuma batun yadda ake yi wa yaro tambaya, wanda a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan, ya shahara da gwajin layi biyu na ƙwayoyi masu yawa ɗaya. Yaro yakan yarda cewa daidai suke, sai babba ya ware layi ɗaya ya yi tsawo ya sake tambaya, yaro ɗan ƙasa da shekara shida ko bakwai kuwa ya ce mai tsawon ya fi yawa. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa ƙananan yara ba su fahimci adadi ba. A 1974, James McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinburgh suka maimaita gwajin da canji guda: maimakon babba ya ware layin da gangan, sai wata 'yar tsana "mai ɓarna" ta faɗo ta hargitsa shi kamar da kuskure. Nan take yawancin yaran 'yan shekara huɗu zuwa shida suka ce har yanzu daidai suke. Ashe da yawansu suna karanta niyyar babba ne, suna cewa a ransu tunda ya taɓa layin ya sake tambaya, lallai wata amsa yake so. Yaro yana amsa mutumin da ke gabansa kafin ya amsa tambayar. Mu da muke tarbiyyar yaranmu a kan kunya, da sunkuyar da kai gaban manya, da rashin yawan magana gaban baƙo, ya kamata mu fi kowa gane abin da wannan ke nufi idan aka shigar da yaro ɗaki shi kaɗai da wata malama da bai taɓa gani ba, tana tambayarsa da harshen da ba shi ake yi a gidansu ba.

Wani birni da ya gwada tantance 'yan shekara huɗu ta hanyar jarrabawa a fili, da adadi mai yawa da bayanan da kowa zai iya dubawa, shi ne New York. A can yaro yana shiga ajin share fagen firamare, wanda suke kira kindagatin, a shekarar da zai cika biyar, kuma makarantun gwamnati suna da azuzuwa na musamman domin yaran da ake ganin suna da hazaƙa ta daban. A 2008, zamanin magajin gari Michael Bloomberg da shugaban hukumar makarantunsa Joel Klein, aka mayar da shiga waɗannan azuzuwa ta hanyar jarrabawa guda ɗaya ga dukan birnin, da niyyar kawar da son kai da alfarma. Yaron da ya shiga cikin goma na sama a kowane yara ɗari ya cancanci ajin gundumarsu, wanda ya shiga cikin ukun farko kuma yana iya neman ɗaya daga cikin makarantu biyar da ke ɗaukar yara daga ko'ina a birnin. A lokacin ana yin jarrabawar ne wajen watan Janairu, yaran suna da shekara huɗu, kowane yaro shi kaɗai da mai gwaji, iyaye suna jira a waje. Ana karanta masa tambaya ya nuna amsa da yatsa a cikin hotuna: wane siffa ne zai cike wannan tsari, idan yarinya tana da alewa uku aka ƙara mata biyu wane hoto ne ya nuna abin da ke hannunta, wane abu ne bai dace da sauran ba. A 'yan shekarun ƙarshe na tsarin, yara kusan 15,000 ne ke neman gurabe kusan 2,500 kowace shekara.

Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk mai tunanin cewa jarrabawa ita ce adalci da kanta. Tun shekarar farko yawan yaran unguwannin talakawa da suka cancanta ya faɗi, har wasu gundumomi suka rasa yaran da za su cika aji ɗaya. A unguwannin masu hali kuwa sai kasuwa ta buɗe: littattafan atisaye, da masu koyarwa a gida ana biyansu da awa, da cibiyoyin horo na musamman domin yaran da ba su daɗe da barin goyo ba. Yawan waɗanda ke samun maki mafi ƙololuwa ya ƙaru har guraben manyan makarantun biyar suka kasa ɗaukarsu. A shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013 hukumar ta sauya ɓangare ɗaya na jarrabawar, ta cire wanda ke tambayar launuka da haruffa da lambobi saboda sauƙin haddace shi, ta kawo na siffofi da tsare-tsare mai suna Naglieri da fatan zai fi wuyar shiryawa, sai masu horo suka koma horar da yara a kan sabon. A 2013 kamfanin Pearson mai gudanar da jarrabawar ya yi kuskuren lissafin maki da ya shafi dubban yara. A shekarar ce kuma ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai ta makarantun kuɗi na birnin ta daina ba da shawarar amfani da gwajin basirar da suka shafe shekaru da dama suna dogara da shi, bisa dalilin cewa yawan horar da yara ya sa makin ya daina nuna komai. Daga ƙarshe hoton ya fito sarari: a birnin da kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban makarantun gwamnati baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kusan kashi uku cikin huɗu na yaran azuzuwan hazaƙa farare ne da 'yan asalin Asiya. A Janairun 2021 kwamitin da ke kula da manufofin ilimi na birnin ya ƙi amincewa da sabunta kwangilar jarrabawar, aka koma ga shawarar malaman da suka koyar da yaro haɗe da ƙuri'a, kuma gwamnatin Eric Adams da ta zo a 2022 ta ƙara gurabe amma ba ta dawo da jarrabawar 'yan shekara huɗu ba.

Ba New York kaɗai ta kai ga wannan matsaya ba. A Indiya, babbar kotun Delhi ta kafa kwamiti a 2006 ƙarƙashin Ashok Ganguly, wanda ya ba da shawarar a daina yi wa ƙananan yara tambayoyin tantancewa a koma ga maki bisa abubuwa kamar kusancin gida da makaranta, sannan dokar 'yancin samun ilimi ta 2009 ta haramta tantance yaro ko iyayensa wajen ɗaukar 'yan shekara 6 zuwa 14. Ƙasar Sin ta hana makarantun renon yara koyar da darussan firamare a 2018, kuma dokarta ta ilimin ƙananan yara da ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2025 ta hana yi musu kowace irin jarrabawar shiga in ban da duba lafiya.

Dalilin da ya sa abin ke ƙarewa haka a wurare masu nisa da juna ba ɓoyayye ba ne. Makin yaro ɗan shekara huɗu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka da barcin da ya yi, da yunwa, da tsoron baƙuwar fuska, da watannin da ya girme wa na kusa da shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan shekara ba su ne a sama ba bayan shekara biyu ko uku. Ɓangaren makin da yake tsayayye kuwa, galibinsa hoton gidan da yaron ya fito ne. Susan Levine da abokan aikinta a Jami'ar Chicago sun bi yara 44 tun suna wata 14 har wata 30, suna zuwa gidajensu suna naɗar hirar yau da kullum. A cikin awa bakwai da rabi da aka naɗa a kowane gida, wasu iyayen kalmar lamba huɗu kacal suka furta, wasu kuma har 257, kuma wannan bambanci ya yi hasashen yadda yaran suka fahimci adadi suna dab da cika shekara huɗu, kamar yadda suka wallafa a 2010. Wani nazari da ya biyo baya a kan waɗannan bayanai ya nuna cewa maganar da ta fi amfani ita ce ƙirga abubuwan da yaro ke gani a gabansa, musamman daga huɗu zuwa goma, ba rera lambobi a iska ba. Wanda ya gwada ɗan shekara huɗu, hirar da aka yi a gidansu yake aunawa, sannan ya sa mata suna hazaƙa.

Kada wannan ya sa wani ya ɗauka cewa lissafi ba na ƙananan yara ba ne, domin hujja ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren. A 2007 Greg Duncan da wasu masana suka haɗa manyan bincike shida daga Amurka da Birtaniya da Kanada waɗanda suka bi yara shekara da shekaru, suka gano cewa sanin lissafin da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi komai hasashen ƙoƙarinsa na gaba, ya fi sanin haruffa, ya fi iya natsuwa. Wannan sakamako shi ne ya zaburar da iyaye da gwamnatoci, kuma shi ne masu sayar da littattafan atisaye suka fi kafa hujja da shi. Sai dai hasashe daban, sanadi daban. Yaron da ya zo da lissafi sau da yawa ya zo da wasu abubuwan ma, gida mai kulawa da abinci mai kyau da makarantar kirki a gabansa, kuma gwaje-gwajen da aka ƙara wa yara darasin lissafi da gangan sun sha nuna cewa ratar da suka ba tsaransu tana raguwa bayan 'yan shekaru, musamman idan ajin da suka shiga ya koma koya musu abin da suka riga suka sani. A jihar Tennessee ta Amurka an bi yara kusan 3,000 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ƙuri'a ta raba tsakanin masu samun gurbi a ajin share fage na gwamnati da marasa samu. Masu gurbin sun fara da rinjaye, amma rahoton 2022 ya nuna cewa a aji shida makinsu ya koma ƙasa da na sauran, matsalar ladabtarwa kuma ta fi yawa a cikinsu. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta danganta hakan da yadda ake zaunar da yaran a jere ana yi musu darasi irin na manya, wasa da hira kuwa kaɗan. Ke nan tambayar ba ta ko a koyar ba ce, tambayar ita ce me za a koyar kuma ta wace hanya.

A nan bincike ya ba da amsar da ba ta buƙatar kuɗi. Robert Siegler da Geetha Ramani sun zana wani allon wasa mai gidaje goma a miƙe, an rubuta 1 zuwa 10, suka sa yaran gidajen talakawa 'yan shekara huɗu suna wasa da shi sau huɗu cikin mako biyu, kowane zama kamar minti 15 zuwa 20. Ƙa'idar wasan ita ce yaro ya faɗi lambar gidan da yake takawa, idan yana kan uku ya sami biyu sai ya ce "huɗu, biyar", ba "ɗaya, biyu" ba. Wasu yaran kuma aka ba su allo iri ɗaya amma mai launuka a maimakon lambobi. Masu allon lambobi suka fi gane wace lamba ta fi wata girma, da inda kowace take a kan layi, da ƙirge, da gane rubutun lamba, kuma bayan mako tara ribar tana nan. Dalilin shi ne a kan irin wannan allo girman lamba yana shiga ta ido da hannu da kunne lokaci guda: takwas ta fi huɗu nisa, ta fi ta yawan taku, ta fi ta ɗaukar lokaci. Wasan maciji da tsani da ke bayan allon lido a gidajenmu ɗan'uwan wannan ne, kuma ana iya zana layin farko da gawayi a ƙasa a yi da marfin kwalba. Akwai kuma gargaɗi daga Delhi, inda Elizabeth Spelke da Esther Duflo da abokan aikinsu suka gwada wasannin kwatanta yawa da siffofi a kan yara kusan 1,500 a makarantun renon yara sama da 200, suka wallafa a 2017. Yaran sun ƙware a kwatancen ido, ƙwarewar ta kuma daɗe, amma ba ta zama ribar lissafin aji ba daga baya. Wasa kaɗai bai isa ba sai an ɗaure shi da sunan lamba da rubutunta, kamar yadda biya lamba kaɗai bai isa ba sai an ɗaure ta da abin taɓawa.

Wani abu da yake ba ni takaici shi ne yadda muke watsi da gatan da harshenmu ya ba yaranmu. Kevin Miller da abokan aikinsa sun nuna a 1995 cewa yaran Sin da na Amurka suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙirge har zuwa goma, daga nan sai na Sin su wuce, domin a harshensu goma sha ɗaya "goma ɗaya" ce, alhali mai koyon Turanci sai ya haddace sababbin kalmomi biyu da ba su nuna alaƙarsu da goma ba, sannan ya yi fama da sha uku da talatin masu kama da juna a kunne. Bahaushe yana cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, kalmar da kanta tana gaya wa yaro cewa goma ce aka ɗora mata wani abu, kuma wannan shi ne tushen gane matsayin lamba da zai buƙata a firamare. Namu wahalar tana kan gomomi, ashirin da talatin da arba'in har casa'in, waɗanda muka aro daga Larabci kuma sai an haddace su, ko da yake tsohuwar Hausa tana da gomiya biyu da gomiya uku da za a iya fassara wa yaro su da ita. Hatta "ashirin ba ɗaya" da tsofaffi ke faɗa a madadin sha tara darasin ɗebewa ne a cikin kalma. Yaron da ya gane adadi da Hausa, sanya masa sunayen Turanci aikin 'yan makonni ne, domin ma'anar tana nan riga kawai za a canza mata. Wanda aka fara da rigar kuwa, yana iya kaiwa ɗari bai san me ke cikinta ba.

Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta faɗi cewa a matakin share fage ana koyar da tushen lambobi da haruffa da launuka da siffofi ne ta hanyar wasa. Amma duk wanda ya leƙa jakar ɗan nazare a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san abin da zai tarar: littafi cike da layuka ana rubuta 1 zuwa 50 ko zuwa 100, aikin gida ga yaron da yatsunsa ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba. Makarantu da yawa suna ɗauke da sunan Montessori a allonsu, alhali matar da ke da sunan, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a Rum a 1907, ta gina lissafinta ne a kan sanduna masu tsawo daban-daban da tsinkaye da duwatsun ado da yaro ke ɗauka yana jerawa da hannunsa. Ban ɗora laifin duka a kan makarantu ba, domin mu iyaye ne muke auna makaranta da yawan shafukan da aka cika, mai makaranta kuma abin da kasuwa ke so yake sayarwa.

To, uban da ɗansa zai zauna gwaji wata mai zuwa, kuma ba shi da ikon canza tsarin, me zai yi? Akwai shiri halattacce, kuma kaɗan ne. Yaro ya saba zama da babban da ba na gida ba na ɗan lokaci suna hira, ya saba sauraron umarni mai gaɓa biyu ya aikata, ya san kalmomin sama da ƙasa, gaba da baya, mafi yawa da mafi ƙanƙanta, da harshen da za a tambaye shi. Ya yi barci ya ƙoshi a ranar, kuma kada a gaya masa cewa wani abu ya rataya a kan amsarsa, domin yaro yana shaƙar fargabar uwarsa kamar hayaƙi. Sauran shirin duk yana cikin hidimar gida. A ce ya kawo cokula daidai da masu cin abinci, ya raba ƙosai tsakanin ƙannensa a ga ko kowa ya sami daidai, ya ƙirga awaki idan sun dawo da yamma a tambaye shi ko akwai wadda ba ta shigo ba, ya duba zanen tabarma ko na hula ya faɗi launin da zai biyo baya. Bayan kowane ƙirge a tambaye shi "guda nawa ke nan?", idan ya sake farawa daga ɗaya kada a tsawata masa, a zagaye tarin da yatsa a ce, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Dabino huɗu ne." 'Yan mata masu carafke suna kwasar duwatsu ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, suna rarraba adadi gida-gida tun ba su ji sunan tarawa ba, kuma ƙaramin da ke zaune gefensu yana kallo yana cikin aji.

Ga masu makarantu kuma, gwada yaro ba laifi ba ne idan an san abin da ake nema da shi. Gwajin Wynn na "ba ni adadi kaza" minti biyar yake ci da marafan kwalba goma, kuma yana gaya wa malama abin da shafi ɗari na rubutun lambobi ba zai gaya mata ba, wato wane yaro ne ke kan biyu, wane ne ke kan uku, wane ne abin ya riga ya buɗe masa. Wurin wannan gwaji shi ne makon farko bayan an ɗauki yara, a maimaita shi a tsakiyar shekara, domin a san wa za a zaunar da wa kuma daga ina za a faro da kowa. Idan masu nema sun fi gurabe yawa, kusancin gida da ƙuri'ar da aka jefa a gaban iyaye sun fi gaskiya a kan makin da zai iya canzawa idan aka sake gwada yaron ranar Talata. Idan kuma ana son ware masu hazaƙa ta musamman, a jira su kai aji uku, a duba su fiye da sau ɗaya, a bar ƙofar a buɗe ga wanda ya makara wajen nunawa.

'Yar ƙanwata ta sami gurbin, domin abin da aka tambaye ta shi ne abin da ta haddace. Wajen wata bakwai bayan haka na koma gidan, uwar tana tankaɗe ta ce mata ta ɗebo albasa biyar a kwando. Na bi ta da ido. Ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a gefen zanenta, tana faɗa a hankali da Hausa, da ta kai biyar ta tsaya, hannunta yana kan ta shida, ta dube ta, ta mayar da ita cikin kwandon.